Aikatau Masu Bin Ƙa'ida a Turanci

Aikatau mai bin ƙa'ida a Turanci shi ne wanda ake samar da shuɗaɗɗen lokacinsa ta hanyar liƙa masa ɗafa-ƙeyar *-ed*, kamar yadda *walk* ke komawa *walked*, *open* kuma ya koma *opened*. Mafi yawan aikatau na harshen a wannan rukuni suke. Waɗanda suka saɓa wa ƙa'idar, irin su *go* da ke komawa *went*, kimanin 200 ne, sai dai su ne aka fi ji a bakin mutane kullum.

Siffofi huɗu

Kowane aikatau mai bin ƙa'ida siffa huɗu kacal gare shi: saiwa, wato *walk*, mai *-s*, wato *walks*, mai *-ed*, wato *walked*, da mai *-ing*, wato *walking*. Siffa mai *-s* ta mutum na uku tilo ce a lokacin yanzu: *he walks*, *she walks*, amma *I walk*, *they walk*. A shuɗaɗɗen lokaci babu wannan bambanci, kowa *walked* ne. Aikatau *be*, wanda ya fi kowane saɓa wa ƙa'ida, siffa 8 gare shi.

Yadda ake gina lokuta

Lokaci biyu ne kawai ake gane su daga jikin aikatau ɗin kansa, na yanzu da wanda ya shuɗe. Sauran duk mataimakan aikatau ne ke ɗauke da su. *Will* na nuna lokaci mai zuwa: *she will walk*. *Be* tare da siffa mai *-ing* na nuna aikin da ake cikin yi: *she is walking*, *she was walking*. *Have* tare da siffa mai *-ed* na nuna aikin da ya kammala kafin wani lokaci: *she has walked*, *she had walked*. Ana kuma iya jera su har a kai ga *she will have been walking*. Daga wannan haɗe-haɗe ne littattafan makaranta suka fitar da lokuta 12.

Tsarin bai kamata ya zama baƙo ga mai jin Hausa ba, domin a "ya karanta", "zai karanta" da "yakan karanta" ma lokacin yana gaban aikatau ne. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin *she walked* da *she has walked*, don Hausa kan iya faɗin duka biyun da "ta yi tafiya". Na farko yana karɓar ambaton lokacin da ya riga ya wuce, kamar *yesterday*, na biyu ba ya karɓa. Haka nan a tambaya da korewa, alamar lokaci kan koma kan *do*, aikatau ya tsaya a saiwarsa: *did she walk?*, *she does not walk*. Faɗin *did she walked* nuna lokaci ne sau biyu, kuma kuskure ne.

Furuci da rubutu

A nan ne ainihin aikin yake, kuma abin takaici ne yadda ake yawan koyar da *-ed* da ido kawai ba tare da kunne ba. Rubutunta ɗaya ne, furucinta uku. Bayan sauti marar ziza, wato wanda maƙogwaro ba ya kaɗawa wajen furta shi, ana furta ta /t/, kamar a *walked* da *kissed*. Bayan wasali ko baƙi mai ziza ana furta ta /d/, kamar a *played* da *begged*. Sai bayan /t/ ko /d/ ne kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta, kamar a *wanted* da *needed*. Ke nan *walked* gaɓa ɗaya ce. Da yake kalmar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, mai koyo kan cusa wasali a tsakaninsu, ko ya haɗiye na ƙarshen, shuɗaɗɗen lokacin ya ɓace baki ɗaya.

A rubutu, *e* na ƙarshe kan faɗi: *hope*, *hoped*, *hoping*. *Y* da ya biyo bayan baƙi kan koma *i*, kamar *carried*, amma *played* na nan yadda yake. Baƙin ƙarshe kan ninku idan wasali ɗaya ne ya gabace shi kuma nauyin furuci na kan wannan gaɓar: *stopped*, *preferred*, amma *visited*. Rashin ninkin kan sauya ma'ana, domin *hopped* tsalle ne, *hoped* kuwa fata. Ingila na rubuta *travelled*, Amurka na rubuta *traveled*.

Tarihi

Ɗafa-ƙeyar *-ed* gado ce ta dangin harsunan da Turanci ya fito daga cikinsu. 'Yar'uwarta a Jamusanci ita ce *-te*, kamar a *machte*. Jacob Grimm, masanin harshe Bajamushe na ƙarni na 19, ya kira masu wannan ɗafi "raunana", masu sauya wasalin ciki kuma "ƙarfafa". Raunanan ne dai suka yi ta ƙaruwa. A Tsohon Turanci shuɗaɗɗen *help* shi ne *healp*, yau kuwa *helped*. Wani bincike da Erez Lieberman da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2007 ya bi sawun aikatau 177 marasa bin ƙa'ida na Tsohon Turanci, ya tarar 98 ne suka rage a haka, kuma waɗanda ba a cika amfani da su ba su ne suka fi saurin miƙa wuya. Tun a 1958 masaniyar harshe Jean Berko ta nuna cewa ƙananan yara kan liƙa *-ed* a kan aikatau na ƙirƙira da ba su taɓa ji ba, su mayar da *rick* ya zama *ricked*. Haka sababbin kalmomi ke yi, shi ya sa ake jin *emailed* da *downloaded*. Jefi-jefi akan samu wanda ya juya baya: *dive* da *sneak* masu bin ƙa'ida ne a da, amma a Amurka *dove* da *snuck* sun kama wuri kusa da *dived* da *sneaked*.