Dokar hana kaciyar mata: abin da ta ce da abin da ake jingina mata

Ana yawan jin ana cewa gwamnatin Najeriya ta hana kaciya, har wasu iyaye na ɓoye ɗansu idan an yi masa, wai kar a kama wanzami. Wannan ba gaskiya ba ne. Dokar da ake nufi ita ce dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015. Sashe na 6 ne ya yi maganar kaciya, kuma yarinya da mace kawai ya ambata. Babu inda ya taɓa ɗa namiji.

Kaciyar namiji tana nan daram. Musulunci ya ƙarfafa ta, Yahudawa na yin ta a rana ta 8, kuma tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin hanyar rage kamuwa da ƙanjamau, bayan gwaje-gwaje a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda sun nuna tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Fatar loɓa kaɗai ake cirewa, gaɓar na ci gaba da aikinta. Haɗarinta yana wajen yadda aka yi ta: aska ɗaya ga yara da yawa, ko shafa toka a kan rauni, ko yi wa yaron da danginsa ke da ciwon rashin daskarewar jini ba tare da an bincika ba.

Ta mace kuwa suna kawai suka haɗa. Abin da ake yankewa tsoka ce mai cike da jijiyoyin ji da na jini, shi ya sa jaririya kan zubar da jinin da ɗan jikinta ba zai iya ɗauka ba. Daga baya ga riƙewar fitsari, ga tabo mai tauri da ba ya buɗewa lokacin naƙuda, ga zafi wajen auratayya. Ba a san mata wani amfani ga lafiya ba ko ɗaya.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne hukunci. Wanda ya yi yankan zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 4 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. To amma dokar ta ɗora wannan hukuncin daidai wa daida a kan wanda ya sa wani ya yi. Uban da ya aika aka kira wanzami, ko uwar da ta ɗauki ɗiyarta ta kai, ba za su ce hannunsu bai riƙe aska ba. Wanda ya yi yunƙuri aka tare shi kafin ya yanka, nasa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne, ko tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko duka. Haka ma wanda ya zuga, ya taimaka, ko ya ba da shawara. Kakar da ta dage sai an yi, da ungozomar da ta danne ƙafafun yarinya, duk suna cikin wannan rukuni.

A ganina tarar ta yi kaɗan ga mai yankan da ya mai da abin sana'a, domin alƙali na iya barinsa ya biya ya koma gida. Ɗaurin shekaru kuma ya yi nauyi ga uwar da ita ma aka yi mata, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata illarsa. Dokar ba ta bambanta su ba, ta bar wa alƙali.

Wasu na cewa idan a asibiti aka yi, da allurar kashe zafi, ai an kuɓuta. Ba a kuɓuta ba. Uzurin da dokar ta bari shi ne dalilin magani, kamar ƙarin da likita ke yi wa mai naƙuda don kan jariri ya fito, ko cire wani tsiro na ciwo. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi wa lafiyayyar yarinya kaciya don iyaye sun roƙa, laifinta ɗaya da na wanzami.

Akwai kuma masu cewa mu ai ba ma kaciyar mata, angurya kawai ake cirewa, sai yankan gishiri idan haihuwa ta yi gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa duk wani yanka ko tsaga ko kankara a al'aurar mace ba don magani ba cikin kaciyar mata. Yankan gishiri ya fi tayar min da hankali: ana tsaga bangon gaba na farji, mafitsara kuma tana manne a bayansa, aska na ɗan nitsewa sai yoyon fitsari. Dokar ma tana da wani sashe dabam kan al'adu masu cutarwa.

Batun addini, gaskiya malamai sun saɓa. Shafi'iyya sun wajabta, Malikiyya ba su wajabta wa mace ba. Hadisin Ummu Aɗiyya da aka fi kafa hujja da shi, Abu Dawud da ya rawaito shi ya ce mai rauni ne, kuma Alƙur'ani bai ambace ta ba. A 2007 muftin Masar, Ali Juma'a, ya ce haramun ce saboda cutarwarta.

Dokar ta tarayya a Abuja take aiki kai tsaye, hukumar hana safarar mutane, wato NAPTIP, ce ke kula da ita. Sauran jihohi sai majalisarsu ta amince da tata, kuma yawancinsu sun yi, wasu da sauyi a hukunci. Mai son sanin abin da ya hau kansa, sai ya nemi dokar jiharsa a ma'aikatar shari'a ko ta harkokin mata.