Kaurin roba ba shi ne kaurin wayar wuta ba

Magidanta da masu gini a Kaduna, idan hunturu ya shigo, lokaci ne da hita ke kwana a jone, gobara kuma ke yawaita. A zagayen da muke yi daga Rigasa zuwa Kawo, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wayar da ba a rubuta komai a jikinta ba, an ja ta cikin bango da rufin ɗaki, mai gida bai san nauyin wutar da za ta iya ɗauka ba.

Kada kaurin roba ya ruɗe ku. Masu algus kan cika roba su rage jan ƙarfen ciki, alhali shi ke ɗaukar wutar. A fara kashe wuta daga babban makunni, a kashe janareto da inbata, sannan mai gyaran wuta ya fere bakin wayar ya auna ƙarfen da ma'aunin kauri irin na masu walda da kanikawa. Idan sili ɗaya ce, waya mai lamba 1.5 (lambar girman waya) kaurin ƙarfenta milimita 1.38 ne, ita ce ta ƙwan fitila da fanka. Mai lamba 2.5 milimita 1.78 ce, ita ake ja wa soket. Hitar wanka da na'urar sanyaya ɗaki an fi ja musu mai lamba 4, wadda galibi sili 7 ce, kowanne milimita 0.85. In babu ma'auni, a samo guntuwar waya mai rubutu daga kamfanin da aka sani, a fere, a jera su gefe da gefe. Ido ma zai nuna siririyar.

Sai a kankare ƙarfen da wuƙa. In ja ya goge, fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan ta fi saurin ɗaukar zafi, tana kuma karyewa a bakin soket, daga nan ne warin ƙonewar roba kan fara.

Don Allah, duk wayar da aka kasa tantancewa kada a jona mata dutsen guga ko hita. In za ku sayi sabuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko wani wuri, ku duba sunan kamfani da lamba a jikin robar, da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa. Aikin kuma a ba mai gyaran da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki.