Ma'anar "hafi": dokin da aka cire wa takalmi

Tun da tawagar Suwidin ta ci zinare a wasan tsallaken dawaki na Olamfik ɗin Tokiyo a 2021, kalmar Larabci "hafi" ba ta bar bakin masu dawaki a nan Saudiyya ba. Biyu daga cikin dawakan tawagar, All In da King Edward, ba takalmin ƙarfe a ƙafarsu suka yi wasan. Daga nan magana ta bazu. Mai sayar da goɗiya a Snapchat zai ce maka "asil ce, hafiya ce" wato mai tsarkin asali kuma marar takalmi, kamar yana karanto sunan kakanta. Kwanan baya na ji wani mai sharhi yana cewa wai dokin Larabawa bai taɓa sanin ƙarfe ba sai da Turawa suka zo. Mu da muke kwana muna tashi a barga a Usfan, arewa da Jidda, mu ne muke ɗauke wahalar irin waɗannan maganganu, shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani.

Kowa ya san hafi na nufin marar takalmi. Abin da aka manta shi ne ɗaya ma'anar da ke cikin tushen kalmar. Ka buɗe ƙamusun Larabci Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ka duba "al-hafa". Za ka tarar ya fassara ta da sirancewar tafin ƙafa, ko na mutum, ko na raƙumi, ko kofaton doki. Idan Balaraben da ya ce "hafiyal faras", ba yabo yake yi ba. Yana nufin tafiya ta cinye kofaton dokin har ya kai ga nama, doki ya fara tsoron taka ƙasa. Ke nan kalma ɗaya ce ke ɗauke da abu biyu: tafiya ba takalmi, da kuma ciwon da tafiya ba takalmi take jawowa. Mutanen da suka rayu a kan dawaki sun ga abin da idonsu, shi ya sa harshensu bai raba su ba. Wasu kuma suna haɗa hafi da hafir, wato kofato, suna cewa ai asalinsu ɗaya, don haka ɗabi'ar kofato ita ce zama ba takalmi. Ba ɗaya ba ne. Hafir daga hafara ta fito, haƙa, domin kofato yana haƙa ƙasa in doki ya taka. Kamannin sauti ne kawai ya haɗa su.

Shi kuwa zancen cewa Larabawa ba su san takalmin doki ba, sai dai a yi haƙuri. Sana'ar baiɗar, wato mai sa wa doki takalmi da yi masa magani, tsohuwa ce a nan, kuma takalminsu na gargajiya faranti ne na ƙarfe mai rufe kusan dukan tafin, da ɗan rami a tsakiya. Wanda ya ƙera irin wannan ya san duwatsun harra, baƙaƙen duwatsun nan masu kaifi da suka shimfiɗu tsakanin Makka da Madina.

To me masu wannan hanya ta zamani ta barin doki ba takalmi suke nufi? Wanda aka fi jingina wa ita wani maƙerin takalman dawaki ne Ba'amurke, Jaime Jackson. Daga 1982 zuwa 1986 ya riƙa bin dawakan jeji a yammacin Amurka yana auna kofatonsu, a 1992 ya fitar da littafi a kan abin da ya gani. Ya tarar kofatonsu gajere ne, dunduniya a ƙasa, tafi mai kauri, bakin kofaton a zagaye kamar an goge shi da magagari. Sai ya ce a riƙa gyara kofaton dokin gida ya yi kama da wannan. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ni na yarda da mafi yawanta. Kofato ba dutse ba ne, yana ɗan buɗewa idan nauyi ya sauka a kansa, ya koma idan an ɗaga, wannan motsi yana taimakon gudun jini. Akwai wani nama mai tauri mai kusurwa uku a ƙarƙashi, Larabawa suna ce masa nasr, aikinsa shanye girgiza, amma sai ya taɓa ƙasa yake iya aikin. Takalmin ƙarfe yakan ɗaga shi sama, ƙusoshi kuma suna barin ramuka a bangon kofato.

Sai dai dokin jejin nan tafiya yake yi. Masu bincike a Jami'ar Kwinsland sun rataya wa dawakan jejin Ostireliya na'urar bin sawu, suka ga a kowace rana sukan yi kusan kilomita 16. Ƙasa ce take yi musu aikin magagari. Dokinmu fa? Yana tsaye a ɗaki mai mita huɗu, a kan ɗiddigar katako da fitsari ya jiƙa, saboda zafi ba ya fita sai bayan la'asar, ya yi rabin sa'a a kan rairayi mai laushi ya dawo. Ka cire masa takalmi ka ce ya koma ɗabi'a, wace ɗabi'ar? Kuma su waɗannan masu binciken sun tarar da ciwon kofato mai tsanani a dawakan jejin da yawa, musamman na yankin duwatsu. Jeji ma ba ya barin ƙafa lafiya kyauta.

Bara waccan mai gidan da nake yi wa aiki ya zo da wayarsa a hannu, ya ce a cire wa wata jar goɗiya takalmanta huɗu a ranar. Shekara shida tana sanye da ƙarfe. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, mutumin Mai Wurno ne ta Sudan, shi ya koya mini riƙe ƙafar doki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara da na baya, a bar na gaba zuwa bayan zafi." Ba a saurare shi ba. Kwana biyar da cirewa aka ɗaura mata sirdi, aka bi da ita ta hanyar tsakuwa. Da ta dawo tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi, bangon kofaton ya ɓantare daidai ramukan ƙusa. Da dare na je na ɗora hannu, kofaton gaba da zafi, jijiyar bayan ƙafa tana bugawa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ita ce hafa ta gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya." Wata biyu muka yi muna jinyarta, muna sa mata takalmin roba mai maɗauri, muna jan ta da hannu safe da yamma. Har yau in na tuna idonta a daren nan raina yana ɓaci, domin babu abin da ya tilasta wannan gaggawa.

Lissafin a bayyane yake. Kofato yana tsiro daga sama, wajen milimita 6 zuwa 10 a wata. Kafin sabon bango ya sauko daga gindin gashi zuwa ƙasa sai an yi wata 9 zuwa 12. Duk wanda ya cire takalmi ya sani shekara guda ya ɗauka wa kansa. A cikinta za a riƙa gyara kofato duk mako huɗu zuwa shida, a rage bango, a zagaye bakinsa, a bar tafin da kaurinsa. Wannan na ƙarshen shi ne inda masu koyo daga bidiyo suke ɓarna: suna ganin tafi ya yi ɓawo sai su sa wuƙa su sassaƙe shi har ya yi fari ya yi kyau a hoto, alhali garkuwar dokin suka cire. Sannan a bushe masa shimfiɗa, a zuba tsakuwa mai santsi wajen kwamin ruwa ya riƙa takawa da kansa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, Zinofon, marubucin Girka, ya rubuta ta fiye da shekara 2,300 da suka wuce.

Ga kuma abinci, wanda masu tallan hafi ba sa ambata. Sha'ir da yawa ga dokin da ba ya aiki shi ne babbar hanyar hamar, ciwon da ke raba bangon kofato da ƙashin ciki. Dokin da ake cika wa akushi da hatsi, ko an sa masa ƙarfe ko an cire, ƙafarsa tana cikin haɗari.

Mu Hausawa wannan abu bai kamata ya zo mana a matsayin baƙo ba. Dawakan hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya mafi yawansu ba ƙarfe a ƙafarsu, kuma mutanen barga ba su taɓa ɗaukar hakan a matsayin barin doki haka nan ba. Ana duba kofato, ana yanke shi, ana sanin ƙasar da za a yi sukuwa a kai. Iyayenmu da suka zo nan ta Sudan da wannan sanin suka zo.

A bargarmu yanzu dawaki bakwai ne ba takalmi, uku da takalmi. Cikin ukun akwai wani ingarma mai faffaɗan tafi siriri, sau biyu muka gwada shi, sau biyu ya nuna mana ba zai iya ba, muka mayar masa. Jar goɗiyar kuwa ta warke. Sabon kofatonta ya sauko sumul ba tsaga, kuma tun watan Rajab take bin hanyar tsakuwar nan ba tare da ta rage taku ba.