Jeri Masu Tafiya Tare

Jeri masu tafiya tare hanya ce ta adana bayanai a shirin kwamfuta, inda ake raba bayanan abu guda cikin jeri biyu ko fiye, a bar lambar gurbi ta zama igiyar da ta ɗaure su. Jeri shi ne gurabe da ke biye da juna a ma'adanar kwamfuta, kowanne da lambarsa. Abin da ke gurbi na uku a jerin farko da abin da ke gurbi na uku a jeri na biyu labarin abu ɗaya suke bayarwa. Da wannan hanya mai koyo yakan fara haɗa bayanai, domin wanda ya san jeri ya riga ya san duk abin da take buƙata.

Yadda suke aiki

A ce ɗan mai fataucin dabbobi yana son rubuta wa mahaifinsa shirin da zai riƙe kasuwannin mako da yake bi. A harshen Python zai iya rubuta:

kasuwanni = ["Wudil", "Maigatari", "Dambatta"]
ranaku = ["Juma'a", "Alhamis", "Lahadi"]
jihohi = ["Kano", "Jigawa", "Kano"]

Harsunan shirin kwamfuta irin su Python da C da Java daga 0 suke fara ƙirga, saboda haka Wudil tana gurbi 0, Maigatari tana gurbi 1. Idan ana neman ranar da Maigatari ke ci, shirin zai bi jerin farko har ya same ta, ya riƙe lambar 1, ya duba ranaku[1] ya ga Alhamis, ya duba jihohi[1] ya ga Jigawa. Scratch da Fortran kuwa daga 1 suke farawa.

Inda igiyar ke tsinkewa

Kwamfuta ba ta san jerin nan uku dangin juna ba ne. A kan mai rubuta shirin kaɗai alaƙar take. Yana kama da uwar adashi da ta rubuta sunayen masu zubi a shafi ɗaya, kuɗinsu a wani shafin, layi da layi. Ranar da ta goge suna guda ta matso da sauran sama, ba ta taɓa shafin kuɗi ba, duk wanda sunansa ke ƙasa da wanda aka goge ya ɗauki zubin maƙwabcinsa.

Tsarawa ta fi komai kawo wannan ɓarna. Idan yaron ya tsara kasuwanni bisa haruffa ya bar ranaku yadda suke, jerin zai koma Dambatta, Maigatari, Wudil. Yanzu shirin zai ce Dambatta ran Juma'a take ci, Wudil ran Lahadi. Maigatari da ke tsakiya ba ta motsa ba, amsarta daidai take, jihohin ma ba su nuna komai ba tunda Kano ce a gaba da baya. Wanda ya gwada shirin da Maigatari kawai zai tashi da tabbacin aiki ya yi kyau, sai mahaifin ya loda shanu ya tarar ba ranar kasuwa ba ce. Babu saƙon kuskure da zai fito, kuma nan ne haɗarin yake.

Haka ma idan tsawon jerin ya bambanta. Umarnin zip na Python, mai haɗa jeri gurbi da gurbi, yakan tsaya shiru inda mafi gajarta ya ƙare. Sai a Python 3.10, a 2021, aka ƙara zaɓin strict da ke sa shi ƙorafi.

Mai son tsara irin wannan jeri dole ya musanya gurabe a dukkansu lokaci guda, ko ya ƙirƙiri jeri na huɗu mai ɗauke da lambobin gurabe ya tsara shi, ya bar sauran a wurinsu.

Asali da madadi

Fortran, wanda IBM ta fitar a 1957 ƙarƙashin John Backus, yana da jeri amma ba shi da hanyar ƙulle suna da lamba a ƙunshi ɗaya sai a Fortran 90. BASIC na 1964 ma haka ya fara. Masu amfani da su ba su da zaɓi. COBOL na 1959 ya zo da rikodi, Pascal na Niklaus Wirth ya biyo a 1970, harshen C yana da struct. A waɗannan, kasuwa da ranarta da jiharta ƙunshi ɗaya ne, duk inda aka ɗaga ɗaya sauran na biye. A Python ana yin irin wannan ƙunshi da abin da ake kira ƙamus (dictionary) ko aji (class), kuma ga mai koyo wannan ya fi aminci da zarar jerin sun kai uku.

Wata hanyar ita ce a ba kowane abu lambar shaida ta dindindin, a haɗa bayanai da ita maimakon gurbi. A kan wannan tunani aka gina rumbunan bayanai masu teburori, tsarin da Edgar Codd ya bayyana a 1970.

Duk da haka ƙwararru ba su yar da jeri masu tafiya tare ba. Idan ana tara farashin buhuna miliyan, ajiye farashin kaɗai a jere yana sa kwamfuta ta karanto shi da sauri ba tare da ta ratsa sunaye ba. Shi ya sa wasannin kwamfuta da manhajojin lissafin kimiyya ke raba bayanai haka da gangan.