Mene ne sansanin wasanni na hutun bazara?

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, sai tallace-tallace su fara yawo a WhatsApp da Facebook, ana kiran iyaye su kai 'ya'yansu "sansanin wasanni na hutun bazara". Abin da ake nufi shi ne shiri na ɗan gajeren lokaci, daga mako guda zuwa makonni kaɗan, inda ake tara yara a hannun masu horarwa domin a koya musu ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ninƙaya ko guje-guje a lokacin da babu karatu.

Sunan yana iya rikita mutum. A wurin Bahaushe sansani shi ne inda mayaƙa ke yada zango, yau kuma an fi jin sa a kan 'yan gudun hijira da masu yi wa ƙasa hidima, alhali a nan ba dole ne a kafa tanti ba, domin akwai na kwana, akwai kuma na jeka-ka-dawo, kamar yadda makarantu suke. Kalmar bazara kuwa aro aka yi mata, saboda lokacin zafin Turawa daga Yuni ne zuwa Agusta, wanda a wurinmu tsakiyar damina ne, shi ya sa "dogon hutu" ya fi dacewa da mu.

A Amurka al'adar ta yi ƙarfi. A shekarar 1861 wani malamin makaranta mai suna Frederick Gunn ya fita da ɗalibansa yada zango a jihar Connecticut, daga baya ƙungiyoyin matasa irin su YMCA suka faɗaɗa abin, har aka samu sansanonin da wasa ɗaya kawai suke koyarwa.

Alaƙarsa da mu ba ta da nisa. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya shugabanci kulob ɗin Toronto Raptors lokacin da kulob ɗin ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, yana shirya wa matasa sansanonin ƙwallon kwando a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. A Kamaru ma, a sansanin da ɗan wasan ƙwallon kwando Luc Mbah a Moute ya shirya aka gano Joel Embiid a 2011, wanda daga baya ya zama tauraro a NBA. Sai dai irin wannan dace ba kowa ke samu ba, kuma ina ganin kuskure ne uba ya biya kuɗi yana jiran haka, domin sansani ba makarantar renon 'yan wasa ba ce, wadda ake shekaru a cikinta.

Abin da yaro ke samu ya fi bayyana a fili da safe. Ya zo da gorar ruwansa, an jera robobi a ƙasa yana zagaye su da ƙwallo, koci yana gyara masa yadda yake ajiye ƙafa, yana kuma koyon jiran layi da miƙa wa abokinsa ƙwallo ko da yana son ya ci da kansa. Wannan ba ya yiwuwa sai an raba yara bisa shekaru, don ɗan shekara 7 ba zai iya karo da ɗan shekara 14 ba tare da an ji masa ciwo ba. Kafin iyaye su biya, hakkinsu ne su tambayi yara nawa ke hannun koci ɗaya, wa ke kula da 'yan mata, ko akwai kayan agajin gaggawa, da kuma inda za a fake da yaran idan hadari ya taso.