Tangaran da Sassaƙen Ƙasar Sin da Aka Gada: Yaya Ake Gane Na Da, Yaya Ake Yi Masa Kuɗi?

Akwai rubutun Sinanci a gindin kwanon da muka gada. Wannan ya isa shaidar cewa tsohon kaya ne?

Bai isa ba, kuma a nan ne magada suka fi yaudarar kansu. Rubutun yawanci haruffa shida ne ko huɗu, masu ɗauke da sunan zamanin sarkin da aka ce an yi kayan a lokacinsa, kamar Kangxi (1662 zuwa 1722) ko Qianlong (1736 zuwa 1795) na daular Qing. Sai dai tun a zamanin Kangxi, magina a Jingdezhen, garin da matoyar fada take a lardin Jiangxi, sukan rubuta sunan Chenghua na daular Ming don girmama aikin magabata, daga baya kuma masu jabu suka mayar da abin sana'a. Saboda haka kwanukan da ke ɗauke da sunan Qianlong a yau, mafi yawansu an yi su ne bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa. Idan kuwa an buga kalmar CHINA da haruffan boko, to kayan bai wuce 1891 a tsufa ba, domin daga shekarar ce dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigarwa.

To me masana suke dubawa?

Masani yakan kife kwanon tun kafin ya kalli zanensa, domin zoben gindin, inda ba a shafa ruwan ƙyalli ba, shi ne ke nuna ainihin yumɓun, da yadda wuƙar magini ta fere shi, da gogewar da shekaru suka yi masa. Tsufan gaske ba ya zama bai ɗaya, amma dauɗar da aka shafa don yaudara takan kwanta daidai a ko'ina. Daga nan sai ya duba shuɗin zanen, ya ji nauyin kwanon a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayyen tangaran yakan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa a mace yake, ko da tsagar ta yi sirantar gashi.

Sassaƙa fa, yaya ake rarrabe ta?

Abu na farko shi ne sanin abin da aka sassaƙa. Dutsen jed, wanda Sinawa suka daɗe suna samowa daga Hotan a Xinjiang, yana da sanyi da nauyi da tauri, alhali dutse mai laushi da ake kwaikwayonsa da shi yana karcewa cikin sauƙi. Hauren giwa yana da layuka masu giciye da juna a wurin da aka yanke shi, ƙashi kuwa ɗigo-ɗigo baƙaƙe ne a jikinsa, roba kuma takan bar ƙananan kumfa da sawun inda aka haɗa mazubi. Ina roƙon kada a gwada da allura mai zafi kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin tabon ba ya gyaruwa.

Ana iya sayar da na hauren giwa?

Da wuya. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ta rufe kasuwarsa ta cikin gida a ƙarshen 2017, kuma fita da shi ba tare da takardun izini ba yana jawo ƙwace kayan da gurfana gaban kotu.

Me ke ɗaga kuɗin kaya ko ya karya shi?

Ingancin aikin hannu, da ƙarancin irinsa, da lafiyarsa, sai kuma tarihin hannayen da ya bi, wato rasit, da tsohon hoto, da wasiƙar da ta ambace shi. Labaran dace suna nan: wani ƙaramin kwano mai zanen shuɗi na zamanin sarki Yongle na daular Ming, da aka saya dala 35 a jihar Connecticut, ya tashi fiye da dala 700,000 a gwanjon Sotheby's a 2021. Amma ya kamata a haɗa shi da labarin tulun Qianlong da aka samu a wani gida a Pinner, a gefen Landan, wanda aka taya fam miliyan 43 a 2010, mai tayin bai biya ba, har daga baya aka sayar da shi kusan rabin wannan kuɗi. Tayi daban, kuɗin da ya shiga hannu daban, kuma gidan gwanjo yana cire la'adarsa.

Me ya kamata magada su yi kafin rabon gado?

Kada a wanke da sinadari, kada a liƙe abin da ya fashe, kada a ɓamɓare tsohuwar takardar da ke manne a gindi, kuma a adana akwatinsa da mazauninsa na katako. A ɗauki hoton kowane gefe da na gindi a hasken rana, a rubuta tsawo da faɗi, a aika wa manyan gidajen gwanjo irin su Christie's ko Bonhams, waɗanda ke ba da ƙiyasin farko ta hoto. A nemi ra'ayi fiye da ɗaya, kuma wanda zai yi wa kayan kuɗi kada ya zama shi ne mai son saye, domin haƙƙin marayu da sauran magada yana rataye a kan wannan ƙiyasi.