Wai mene ne "silot" a filin jirgin sama?

Kalmar nan silot da ake yawan ji idan ana maganar kamfanonin jirage, ma'anarta dai gurbi ne, wato izinin da ake ba kamfani cewa a rana kaza da ƙarfe kaza jirginka zai sauka ko zai tashi a filin nan. Shi ke nan fa. Amma a wasu filayen gurbin nan ya fi jirgin kansa wuyar samu.

Mutane da yawa in an ce filin jirgi ya cika sai su ɗauka ɗakin jiran fasinjoji ne ya yi kaɗan, a'a, wannan ai mai sauƙi ne, a ƙara gini a ƙara kujeru. Inda gizo ke saƙar shi ne titin da jirgi ke gudu a kai, don jirgi biyu ba sa hawansa lokaci guda, kuma in ƙaton jirgi irin A380 ya tashi yakan bar wata guguwar iska a bayansa, dole ƙaramin da ke biye ya ɗan dakata ko da matuƙin na sauri, to ka lissafa wannan jiran sau ɗaruruwa a yini. Filin Gatwick na Ingila da ke aiki da titi ɗaya, in sun matsa sosai sauka da tashi wajen 55 suke yi a awa.

Heathrow ta Landan ita ce misalin da kowa ke kawowa. Titi biyu kacal gare ta, an kuma ƙayyade mata sauka da tashi 480,000 a shekara, ta daɗe tana dab da wannan iyakar, amma duk da haka a 2024 fasinja kusan miliyan 84 suka bi ta cikinta. Ta yaya? Manyan jirage, a cika kujeru tam. Shi ya sa silot ya zama kadara ake saye ake sayarwa, a 2016 an ruwaito Oman Air ya biya dala miliyan 75 don gurbin sauka da tashi na sassafe a can. Ba jirgi ya saya ba fa, lokaci kawai.

Akwai kuma doka, in kamfani bai yi amfani da kashi 80 cikin 100 na gurbinsa ba za a ƙwace a ba wani, ita ce ta sa farkon korona aka ga jirage na yawo kusan babu kowa a ciki, har sai da aka dakatar da dokar na ɗan lokaci.

To me zai hana a ƙara titi kawai? Hmm. Filin da ke cikin gari ai gidaje sun riga sun zagaye shi, ga ƙarar jirgi da ke hana maƙwabta barci, ga masu kare muhalli. Titi na uku na Heathrow majalisar Birtaniya ta amince da shi tun 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta taka birki a 2020, kotun ƙoli ta soke wannan hukuncin a ƙarshen shekarar, a 2025 gwamnati ta sake cewa tana goyon baya, ana dai ta jan zance. Ni a ganina Turkiyya ta fi su yanke shawara, da filin Ataturk ya ƙure sai suka gina sabo can wajen Istanbul, a Afrilun 2019 suka kwashe jiragen fasinja suka koma, ko da yake yanzu tafiyar zuwa filin ta ƙara nisa.